Abin Da Gudumar Likita Ke Tambayar Gwiwa

A ce an kawo yaro asibiti a Haɗejiya daga wani ƙauye na bakin fadama, iyayensa na cewa ƙafarsa ta mutu tun shekaranjiya. Kafin a yi zancen hoto ko gwajin jini, likita zai zaunar da shi ƙafafu na reto, ya ɗauki 'yar guduma mai kan roba ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa. Mai kallo sai ya zaci wasa ne, alhali kuwa laka ake yi wa tambaya.

Bahaushe na kiran abu uku da suna ɗaya, watau jijiya: akwai ta jini, akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma mai kai saƙo. Wannan ta ukun ita ce abin magana. Laka ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, jijiyoyin saƙo tagwaye 31 suna fita daga jikinta dama da hagu. Idan guduma ta sauka, tsokar cinya takan ɗan miƙe, saƙo ya ruga sashen ƙasa na laka, nan take wata ƙwayar halitta ta mayar da umarni ga tsoka, ƙafa ta harba tun ƙwaƙwalwa ba ta sami labari ba. Likitoci biyu na Jamus, Erb da Westphal, su suka bayyana amfanin wannan gwaji a 1875.

Ƙwayar cutar shan inna, wadda kan shiga ta baki daga ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, waɗannan ƙwayoyin halitta masu ba da umarni take kashewa. Sai ƙafa ta yi laƙwas, a buga gwiwa shiru. Amma da likita zai shafa wa yaron auduga a ƙafar, ido a rufe, zai ce ya ji, domin hanyar da ke kai labarin taɓawa lafiya lau take.

In kuwa ɓarnar tana can sama, a ƙwaƙwalwa, kamar a shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, bayan ɗan lokaci ƙafa takan sandare, ta riƙa harbi fiye da kima, tamkar dokin da aka cire wa linzami. A karta tafin ƙafar, sai babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe. Babinski ne ya lura da haka a Faransa a 1896.

Akwai kuma abin da ya kamata likitan fadama ya riƙe a ransa. Tsargiya ta yi yawa a dausayin Haɗejiya da Nguru, inda yara ke wanka da su a ruwan da dodon koɗi ke ciki. Jefi-jefi ƙwan tsutsarta kan maƙale a laka. A nan ƙafafu kan yi sanyi, ji ya ɗauke, fitsari ya ƙi fita. Auduga ce ke raba wannan da shan inna, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, don tsargiyar laka na jin magani idan an hanzarta. Kai irin wannan yaro wajen mai ɗori ko wanzami ɓata lokaci ne, tunda ƙashi da jini ba su da laifi.

Ƙa'ida ita ce, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta yi laƙwas farat ɗaya, a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji a Maiduguri ko Ibadan. An ga shan inna na asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a 2020. Sai dai wani nau'i da ya rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar rigakafi ya ci gaba da ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami ɗigon ba, shi ya sa ba a daina aika samfurin ba.