Daga kasuwar rake zuwa laburare: Inda ɗaliban kasuwanci za su samo bayanan bincike

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, ɗaliban da ke karanta harkar kasuwanci da dabarun tallata haja a manyan makarantun Zariya da Kaduna kan shiga fafutikar rubuta kundin kammala karatu. Cikinsu akwai 'ya'yan Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda suka tashi suna ganin ana lodin rake da tumatir da masara zuwa sassan Najeriya.

Sai dai da yawa kan tsallake wannan kasuwanci na ƙofar gida, su ɗauki batun wani banki ko kamfanin da ba su taɓa shiga ba. Wasu ma kan biya kuɗi a shagon kwamfuta a ba su kundin da wani ya riga ya rubuta, a canza suna kawai.

Wannan hanya tana da haɗari, domin jami'o'i yanzu suna da manhajojin gano satar rubutu irin su Turnitin da EagleScan. Wanda aka kama yana iya maimaita aikin, ko ya fuskanci kwamitin ladabtarwa.

Abin bincike yana gida

An san Maƙarfi da noman rake da mazarƙwaila. A Ikara akwai masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa tun farkon shekarun 1980, wadda ta sha tsayawa da tashi. Kudan kuwa ta yi suna a 'yan shekarun nan da noman inabi.

Kowanne daga cikin waɗannan zai iya zama kundi guda. Hannu nawa damin rake ke bi tsakanin manomi da mai sayarwa a baro? Nawa ne rabon dillali? Me zai sa mai saye ya zaɓi inabin waje ya bar na Kudan?

A shekarar 2016, tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo. Ɗalibin da ya bibiyi abin da ya faru a kasuwa a wancan lokaci zai ga a aikace abin da aka koya masa a aji kan ƙarancin kaya da hauhawar farashi.

Laburaren Samaru da na Kongo

Mafi kusa ga ɗan wannan yanki ita ce Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Babban ɗakin karatunta, Laburaren Kashim Ibrahim, yana Samaru. A harabar Kongo kuma akwai Laburaren Shugaba Kennedy, wanda ya daɗe yana tara littattafan sha'anin mulki da gudanarwa da shari'a.

Jami'ar tana da rumbun intanet mai suna Kubanni, inda ake ajiye kundayen digiri na biyu da na uku. Daga wayar hannu ɗalibi zai iya duba abin da aka riga aka rubuta a kan batunsa, ya ga yadda magabata suka tsara tambayoyinsu, ya kuma gano giɓin da suka bari.

A Samaru ɗin dai akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, da cibiyar NAERLS da ke fitar da rahoton yadda damina ta kasance a jihohi duk shekara. Mai nazarin kasuwar amfanin gona zai samu abin dogaro a nan.

Wanda ke son tarihin ciniki da haraji a ƙasar Zazzau zai iya leƙa Gidan Arewa ko ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, dukansu a Kaduna. Ɗalibin wata makaranta ya tafi da katin shaidarsa da takardar gabatarwa daga sashensa ko laburarensu, domin galibi ana neman su a ƙofa.

Alƙaluman da ba a biya

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana wallafa rahoton hauhawar farashi da na farashin kayan abinci, kuma kyauta ake sauke su. Babban Bankin Najeriya yana fitar da kundin alƙaluma na shekara-shekara kan kuɗin ruwa da canjin kuɗi da bashin da bankuna ke bayarwa. Hukumar SMEDAN tare da NBS sun sha gudanar da ƙidayar ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari kuwa wajibi ne su bayyana rahoton kuɗinsu na shekara.

Akwai wani tarko a nan. A farkon 2025 NBS ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024. Wanda ya jera alƙaluman kafin sauyin da na bayansa ba tare da bayani ba, zai fitar da sakamako mai ɓatarwa.

Ga mai neman maƙalun masana, shafin AJOL yana tattara mujallun ilimi na Afirka, DOAJ kuma na jera waɗanda ake karantawa kyauta. Tsarin AGORA, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2003, yana buɗe mujallun noma da tattalin arzikinsa ga makarantun da suka yi rajista. Lambar shiga irin wannan rumbu tana hannun ma'aikatan laburare, tambaya kawai ake yi.

Abin da ba ya cikin littafi

Yawancin alƙaluman hukuma a matakin ƙasa ko jiha suke tsayawa, da wuya su sauko kan kasuwar ƙaramar hukuma. Nan ne ɗan gida yake da fifiko a kan baƙo: ya san yare, ya san mutane, ya san ranar da kasuwa ke ci.

Kafin raba takardar tambayoyi, ya kamata ya fara gaida sarkin kasuwa da shugabannin dillalai, ya bayyana musu cewa shi ɗalibi ne. Ɗan kasuwar da ya zaci jami'in haraji ne ke tambayarsa ba zai faɗi gaskiyar cinikinsa ba.

Sai kuma batun awo. A kasuwa da mudu da tiya da kwando da dami ake ciniki, alhali rahotannin hukuma da kilo suke lissafi. Dole ɗalibi ya auna da sikeli, ya rubuta rana da wurin da ya ɗauki kowane farashi, tunda kwandon tumatir na safe da na yamma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Haka kuma duk littafi ko maƙalar da ya karanta, ya rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take. Amsoshin manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma sai an tantance su, domin sukan ƙago sunayen littattafan da babu su.

Kundin da aka gina a kan kasuwar gida ba ya ƙarewa a kan kanta. Ƙungiyar manoman inabi a Kudan ko masu yin mazarƙwaila a Maƙarfi za su iya amfani da shi wajen neman rance ko sabuwar kasuwa, shi kuma ɗalibin ya fita da sanin sana'ar da zai iya kamawa tun kafin takardar ɗaukar aiki ta zo.