Yaya Zan Gano Tarihin Kakana Da Ya Rasu?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Kalgo ta Jihar Kebbi ya rubuto yana cewa kakansa ya yi aikin malamin haraji a ƙasar Gwandu zamanin En'e, ya kuma rasu tun kafin a haife shi. Yanzu gardama ta taso cikin dangi kan shekarar rasuwarsa da gonar da ya bari. Ina zai nemi bayani tabbatacce?

AMSA: To malam, Allah ya jiƙan kaka. Abu na farko, kada ka fara da ofis, fara da gida. Ka zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe salsala. Ka samo cikakken sunansa da na mahaifinsa, da laƙabinsa, da hakimin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ka duba tsohuwar adaka da gafaka, don malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littafi.

Tsofaffi ba za su ba ka shekara da lamba ba, amma za su ce "zamanin wane". Wannan ma babbar riba ce. In sun ce zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, ka san tsakanin 1938 ne da 1954. In sun ce zamanin Haruna Rashid, to daga 1954 ne zuwa 1995, sai ka ƙara tambaya: an daina kashe fam da sule, ko tukuna? Naira dai ta shigo a 1973.

Daga nan sai takardu. Ka tuna sai a 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, kuma zamanin Turawa Gwandu tana cikin Lardin Sakkwato ne. Saboda haka takardun lokacin kakanka ba a wuri ɗaya suke ba. Ka fara da Majalisar Masarautar Gwandu, wadda mazauninta ke Birnin Kebbi, ba cikin garin Gwandu ba. Sannan akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Kaduna kuma akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke da lambar SOKPROF, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. Gidan Arewa ma yana nan Kaduna. Sai dai an jera fayilolin nan bisa gunduma da shekara ne, ba bisa sunayen mutane ba. Wanda ya je da suna kawai, zai dawo hannu rabbana.

Kada kuma ka sa rai da takardar shaidar mutuwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya, ta 1992 ce. In an taɓa raba gadonsa gaban alƙali, littafin kotu shi ne abin nema.

Wani gargaɗi: ko rubutu ma yakan saɓa. Dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu. Shi da kansa ya rubuta sunayen malamansa cikin Ida'un Nusukhi, ya kuma ba da labarin rayuwarsa cikin Tazyinul Waraƙati. Duk da haka wasu littattafai na cewa ya rasu a 1828, wasu 1829. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara guda ta Hijira takan faɗa cikin shekaru biyu na Miladiyya. In ka ga kwanan wata na Hijira, kwafe shi yadda yake, sannan a juya maka.

Game da gona kuwa, tarihi daban, shari'a daban. Abin da ka tattaro zai taimaka, amma alƙali shaidu zai nema: maƙwabtan iyaka, da mai unguwa, da dagaci. Duk labarin da ka ji, nemi baki na biyu da zai gaskata shi, ka kuma ɗauki muryar tsofaffi a waya da izninsu. Ka hanzarta, malam. Takarda tana iya jiranka a Kaduna, tsohuwa kuwa ba lalle ta jira ka ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.