Korewa Biyu a Turanci: Kuskure Ne ko Karin Harshe?

Malamin Turanci ba ya ɗaga wa jimlar "I didn't see nothing" ƙafa. Jan biro zai sa ya soke ta, ya ce korewa biyu sun kashe juna, wato mai maganar ya ga wani abu ke nan. Wannan hujjar lissafi ce, kuma da wuya a sami Baturen da zai ji jimlar a kasuwar Landan ya fahimce ta haka.

A tsohon Turanci, tara kalmomin korewa cikin jimla ɗaya ƙarfafa magana yake yi. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya jera har huɗu wajen siffanta wani barde a littafinsa Canterbury Tales, kuma ana samun salon a wasannin Shakespeare. Daga ƙarni na 16 ne masu ilimi da masu hali suka riƙa janye jiki daga gare shi, suna sa "anything" a gurbin "nothing". Don haka lokacin da Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da bugu na biyu na littafin nahawunsa a 1763 yana cewa korewa biyu daidai suke da tabbatarwa, hatimi kawai ya buga wa abin da manya suka riga suka zaɓa. Littafin nahawun Lindley Murray na 1795 kuma ya baza dokar a makarantu.

Talakawa dai ba su bari ba. Salon na nan daram a bakin 'yan gabashin Landan, mazauna duwatsun Afalashiya da baƙaƙen fatar Amurka. A 1972 masanin harshe William Labov ya nuna cewa yana da ƙa'ida tsayayya: korewar ɗaya ce, tana bazuwa ne kan kalmomin da suka dace da ita. Haka daidaitaccen Sifaniyanci da Rashanci suke yi, ba wanda ya ce masu su ba su iya tunani ba. Bahaushe ma da ya ce "bai zo ba" ya san "ba" ta ƙarshe ba ta warware ta farko, ko da yake tsarinmu daban ne.

Ɗalibi ya guji salon a jarrabawa, domin daidaitaccen Turanci bai yarda da shi ba. Amma malamai su faɗa masa ainihin dalili: zaɓin masu faɗa a ji ne ya zama doka.