Farin layin da jirgi ke bari a sama: hayaƙi ne ko guba?

Duk wanda ke yini a kasuwa, ko Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai, ya taɓa ɗaga kai ya hangi jirgi can ƙololuwa, ƙarami kamar tsinke, yana jan farin layi a bayansa. Nan take sai gardama ta tashi a rumfa. Wani ya ce hayaƙi ne, wata ta ce guba ake feso wa jama'a, wani kuma ya rantse korar hadari ake yi. Maganar ba ta wasa ba ce, domin in aka ce an ɗaure ruwan sama, mai hatsi yana iya rufe sito, tiya ta yi tsada, talaka ya sha wuya a banza.

To mine ne gaskiyar lamarin? Ƙanƙara ce. Manyan jirage suna tafiya tsakanin mita 9000 da 12000 daga ƙasa. Tsaunin Bagazam na Abzin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, kaɗan ya ɗara mita 2000. A can sama, ko da muna gasuwa a watan Afrilu, sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifili, har ya wuce. Jirgi kuwa kananzir yake sha, kuma kowane kilo ɗaya da ya ƙone yana fitar da tururin ruwa da ya ɗara kilo ɗaya. Da tururin mai zafi ya haɗu da wannan sanyi, sai ya taru bisa ƴan ƙwayoyin toka da injin ya tofar, ya daskare. Ke mai tuwo kin san yadda murfin tukunya ke tara ruwa. Kai mai sammako lokacin ɗari ka ga yadda numfashinka ke fita fari. Abin ɗaya ne.

Ga shaida da ido ke gani: layin ba ya manne da jirgin, akwai ɗan tazara tsakaninsu, wato lokacin da tururin ke ɗauka kafin ya daskare. Masana sun daɗe da warware wannan: Bajamushe Ernst Schmidt a 1941, sannan Ba'amurke Herbert Appleman a 1953.

Don mi wata rana layin ke ɓacewa nan da nan, wata rana ya daɗe ya bazu kamar auduga? In iskar sama a bushe take, sai ta shanye shi. In tana da laima, sai ya yi awoyi. Ke nan layin ba ya korar hadari, labarin laimar sama kawai yake ba mu. Amma kada a yi ciniki a kansa, domin laima a can ba alkawarin ruwa ba ce a gona.

Yawan layukan ma yana da dalili. Samaniyar Nijar hanya ce ta jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Najeriya da Afirka ta Kudu. Da aka rufe ta a watan Agusta na 2023, sai da suka riƙa yin dogon zagaye har aka buɗe a Satumba.

Batun guba kuwa, a 2016 an tambayi masana 77, 76 suka ce ba su ga wata shaida ba. Jiragen feshin maganin fara, irin na shekarar 2004, ƙasa-ƙasa suke bi, domin maganin da aka saki daga mita 10000 iska za ta watsar da shi.

Sai dai layin yana da nasa laifi. In ya bazu ya zama gajimare, yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa, musamman da dare, yana ƙara ɗumamar duniya. Wannan shi ne abin da masana ke neman maganinsa, ta hanyar sauya wa jirage tsawon da suke bi.

Saboda haka, jama'a, in gobe aka kawo muku labari a rumfa, ku tambayi shaida kafin ku taɓa farashi. Allah ya ba mu damana mai albarka.