Bindiga ɗaya ba ta aiki uku

A Amurka, masu sha'awar libarba, ƙaramar bindigar nan mai juya harsashi shida a cikinta, sukan kwana suna gardama a kan harsashin da ya fi. Wani ya ce .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1898, saboda ba ya tokarin hannu. Wani ya ce a'a, .357 Magnum na 1935, domin ya fi ƙarfi, kuma bindigarsa tana karɓar .38 ɗin ma, alhali ta .38 ba ta karɓar nasa. Mai farautar manyan namun daji ya fi son .44 Magnum na tsakiyar shekarun 1950, mai koyon saiti kuwa ya tsaya a kan ɗan ƙaramin .22 mai araha. Duk tsawon gardamar, abu ɗaya suka yarda da shi: farauta daban, kare kai daban, wasa daban, kowanne da harsashinsa.

Mu a nan Jihar Katsina, daga Rawayau zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, wannan gardama ba tamu ba ce, kuma doka ce ta raba mu da ita. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Libarba da fistol suna gida ɗaya da bindigogin soja, wato haramtattu, waɗanda sai Shugaban Ƙasa ne ke ba da izinin riƙe su, kuma wanda aka kama da su ba izini, ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara 10 ba. Gida na biyu na bindigar farauta ne, mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku ita ce bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Da yawa ba su san ita ma tana buƙatar takarda ba, suna ganin ai gadon kaka ce.

To amma buƙatun nan uku muna da su, sai dai mun ɗora su duka a kan bindiga guda.

Maharbin da ya fita da rani neman zomo, zabo ko fakara ya san abin da yake yi. Harsashin bindigar farauta ƙananan ƙwayoyin dalma ne da ke bazuwa idan sun fita, shi ya sa suke samun tsuntsu a sama, amma bayan kamar mita 40 ƙarfinsu ya soma mutuwa. Tsofaffin maharba sun san wannan tun ba su san mita ba, shi ya sa sana'ar tasu rabinta sanɗa ce. Haɗarin yana cikin farautar gayya, inda matasa ke bazuwa cikin daji da karnuka, kowa na rige-rigen harbi. Ƙwayar da ta bazu ba ta bambanta zomo da ƙafar ɗan'uwa, kuma a nan ne ake buƙatar Sarkin Baka ya tsawata.

Maganar kare kai ta fi ɗaci. Tun da 'yan bindigar daji suka addabi garuruwan da ke makwabtaka da dajin Rugu, mutane suka waiwayi abin da ke rataye a ɗaka. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari da kansa ya ce jama'a su tashi su kare kansu, a 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha. Sai dai a faɗi gaskiya komai ɗacinta: AK-47 tana ɗaukar harsashi 30, tana kisa daga nisan mita 300. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai a tsaya a sake ɗura albarushi, idan damina ta jiƙa shi ma ta ƙi tashi. Ba banza aka sa mata harba-ruga ba. Garin da ya tsira, yawanci haɗin kai ne ya tsirar da shi, da sintiri, da kai rahoto da wuri, ba jarumtar mutum ɗaya da ƙarfen maƙera ba.

Wasa kuwa muna da namu, kuma mai kyau. 'Yan bindigar Sarkin Katsina a hawan Sallah albarushi zalla suke tayarwa, ƙara da hayaƙi, ba ƙwaya. Ko hakan, idan aka cika ɗuri don a burge 'yan kallo, bututun na iya tsagewa ya tafi da yatsun mai shi. Abin da ba shi da uzuri shi ne harba harsashi mai rai sama a wurin biki, domin duk abin da ya hau sai ya sauko, kuma da ƙarfin da zai huda kai.

Mai bindiga a gida, ka nemi takardarta, ka ajiye ta ba ɗuri, albarushi da harsashi a wani wuri daban mai makulli, inda hannun yaro ba zai kai ba.