Yawon Ƙafa a Kurmin Osun na Birnin Osogbo

A gefen birnin Osogbo, hedkwatar Jihar Osun, akwai wani kurmi mai faɗin hekta 75, watau kimanin eka 185, wanda kogin Osun ya ratsa ta cikinsa yana lanƙwashe-lanƙwashe. Wannan kurmi yana cikin 'yan kaɗan da suka rage daga manyan kurame na ƙasar Yarabawa. Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a shekara ta 1965, aka faɗaɗa iyakarsa a 1992, sa'an nan a 2005 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa shi cikin kayan gādon duniya. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ita ce ke lura da shi, tare da fadar Ataoja, sarkin Osogbo.

Tafiyar da ake yi a cikinsa matsakaiciya ce. Babu hawan dutse, babu kuma kwana a daji. Mai yawo yakan shiga ta ƙofa, ya gangara zuwa bakin kogi, ya ga tsohuwar gadar lilo da aka yi tun zamanin Turawa, ya bi 'yan hanyoyin ƙafa da suka ratsa itatuwa, ya kewayo zuwa inda ya faro. Mutum mai ƙoshin lafiya zai gama wannan cikin awa biyu ko uku ba da gaggawa ba. Ma'aunin matsakaiciyar tafiya kuwa mai sauƙi ne: numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya zance da abokin tafiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na irin wannan motsa jiki a mako.

Wanda ya saba da dajin Arewa, inda ido ke hangen nesa, lalle zai ga bambanci. A nan rassa sun haɗe a sama, rana ba ta sauka ƙasa sai kaɗan, iska ba ta kaɗawa sosai, gumi kuma ba ya bushewa da wuri. Saboda haka ƙishirwa takan kama mutum a inuwa ba tare da ya ankara ba. Ya kamata ya ɗauki ruwan shansa daga gida, ya tashi da sassafe, ya sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, gama saiwoyi sun fito a kan hanya, ganyen da ya zuba kuma yana ɓoye rami da jerin kwarkwasa. Silifas ba su dace ba ko kaɗan. Damina a kudu doguwa ce, takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, a lokacin nan gaɓar kogi tana da santsi ƙwarai, ruwa kuma yakan ƙaru. Watannin rani sun fi dacewa ga dattawa da masu tafe da yara.

Game da kogin kansa, akwai abin lura. Ruwansa yana da daraja ƙwarai ga masu addinin gargajiya na wurin, amma a 'yan shekarun nan haƙar zinariya da ake yi a yankin Ilesha ta gurɓata shi, har launinsa ya sāke. Bai kamata baƙo ya sha ba, ko ya bar yara su shiga wanka, balle ma ruwan rafi a ƙasar nan ba a raba shi da tsoron tsargiya.

Abin da ya fi kyau mai yawo ya fahimta shi ne dalilin da ya sa kurmin nan ya tsira alhali birni ya cinye na kewaye da shi. Tun kaka da kakanni an hana farauta a cikinsa, an hana su, an hana sare itace da noma, domin mutanen Osogbo sun ɗauke shi mazaunin Osun, wadda suke dangantawa da haihuwa da kāriyar garinsu. Wajen shekarun 1950 wannan hani ya yi rauni, masu sara da maharba suka fara kutsawa. Sai wata mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, ta haɗa kai da magina da masassaƙa na garin, irin su Adebisi Akanji, suka gyara wuraren da suka rushe, suka kakkafa manyan siffofi na siminti da ƙarfe waɗanda har yanzu suna tsaye a gefen hanya. Ta zauna a Osogbo har ta rasu a 2009. Albarkacin wannan tsaro, an ƙidaya ire-iren tsiro fiye da 400 a kurmin, fiye da 200 daga cikinsu ana magani da su. Birai ma sun saki jiki, har sukan sauko kusa da mutane.

Hanin nan bai tsaya ga 'yan gari kaɗai ba. Baƙo ba ya karya reshe, ba ya saɓar ɓawon itace ko da ya gane maganin da ke cikinsa, ba ya jifan biri, ba ya barin leda ko kwalba. Kada kuma ya kauce daga hanya don neman yanke, gama sawun mutum goma ya isa ya kashe tsiron da ya yi shekaru yana tasowa. Kurmin wurin ibada ne ga wasu 'yan ƙasa. Musulmi ko Kirista da ya zo kallon itatuwa da kogi ba a tilasta masa shiga wata hidima, amma akwai ɗakunan da ba a shiga, akwai inda ba a ɗaukar hoto sai da izini. Hanya mafi sauƙi ita ce a biya kuɗin shiga a ƙofa, a nemi ɗan jagora, a tambaye shi kafin a taɓa kome.

Kowace shekara cikin watan Agusta ake yin bikin Osun, dubban mutane daga ciki da wajen Nijeriya sukan cika hanyar da ta gangara kogi. Mai neman tafiya cikin natsuwa sai ya zaɓi wani wata, ya je a ranar aiki, ya kuma sanar da masaukinsa lokacin da yake sa ran komowa.