Gudun mota a layukan unguwa: yadda ake yin tudun da ke rage gudu da gaske

Duk mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ya san abin da ke faruwa idan babban titi ya cushe da yamma. Masu danfo, 'yan keke da 'yan acaba sai su karkato cikin layukanmu don su yanke gosulo, kuma da gudun babban titi suke shigowa. Wannan lokacin kuwa shi ne yara ke tasowa daga Islamiyya, dattawa na haramar Magariba, masu shayi na fito da benci.

A layinmu, ranar da mota ta bankaɗe wata yarinya mai talla, kafin gari ya waye matasa sun kwaɓa siminti sun gina tudu biyu. Yarinyar ta warke, alhamdulillahi. Amma ba a yi wata guda ba wani ɗan acaba ya hau tudun da daddare bai gani ba, ya karye a hannu. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Shi ya sa nake so mu fahimci yadda abin yake kafin mu ɗauki shebur.

Mu fara da gudun kansa. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, irin layukanmu. Ga dalilin a lissafi. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 30 kuma mita 8 da ɗan wani abu. Direba yana bukatar wajen daƙiƙa guda daga ganin yaro zuwa taka birki. Ka ga kenan, a busasshiyar kwalta, wurin da mai gudun 30 ya riga ya tsaya cak, mai gudun 50 a nan ƙafarsa za ta fara taɓa birki. Sannan idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu yake yi.

To me ya bambanta tudu mai kyau da wanda muke yi? Namu yakan zama siriri mai tsini, kamar kunyar dankali. Irin wannan yana kayar da mai babur, yana kankare ƙasan mota, yana wahalar da mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibiti. Ni a harkar shanu na tashi. Mahaifina ya sha faɗa cewa idan tirela ta daki irin wannan tudun, saniyar da ta gaji da doguwar tafiya daga Arewa sai ta zube, 'yan uwanta su tattake ta kafin a isa Oko-Oba. Asarar dubban ɗaruruwa kenan saboda buhun siminti biyu. Ita kuma igiyar jirgin ruwa ko tsohuwar taya da wasu ke shimfiɗawa, kwana kaɗan direbobi ke sabawa da ita.

Tudun da injiniyoyi ke yi gajere ne mai faɗi. Tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, kamar faɗin tafin hannu, amma shimfiɗarsa ta kai kusan mita 4, ta yadda mota za ta hau a hankali ta sauka a hankali. Wanda ya zo a natse ba zai ji komai ba, mai gudu ne zai ji a jikinsa. Ana shafa masa fenti fari ko rawaya, a kafa allo kafin a iso shi, a sa shi inda akwai haske da dare. Ba a yin sa a kan kwana. A bar wa ruwa hanyarsa ta zuwa lambatu, in ba haka ba damina ta farko zai shiga shagunan mutane. Kuma guda ɗaya a dogon layi ba ya wadatarwa, domin direba na wuce shi zai sake taka mai. Gara a jera su, tazarar kada ta wuce mita 100 da yawa.

Sai batun izini, wanda mu baƙi ya fi shafa. Titi na gwamnati ne. Layukan cikin unguwa galibi suna hannun ƙaramar hukuma, kuma tudun da aka yi ba da saninta ba ana iya zuwa a fasa shi. Hanyar da ta fi ita ce a zauna da ƙungiyar masu gidaje ta layin, a sanar da Baale da Sarkin Hausawa, a rubuta takarda ɗaya da sa hannun kowa, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, a kai wa kansila da sashen ayyuka. A haɗa da hotuna da ranakun da aka yi haɗari. Idan layin ya haɗu da babban titi, a Legas a sanar da LASTMA, a Ibadan kuma OYRTMA.

Gaskiya ɗaya da ba ma son ji: da yawa cikin masu gudun nan namu ne. Ba mu manta rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 ba, wanda rahotanni suka ce ya faro daga takaddama kan wani ɗan acaba, aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwar. A Kudu, idan ɗanmu ya buge yaron wani, mai tumatir da mai goro da ba su san hawa ba su ma sai sun biya. Don haka shugabannin 'yan acaba su sa tara a tasha ga duk wanda aka kama yana gudu a layi, limamai su taɓo zancen a huɗuba, sannan a samu babba ɗaya da zai riƙa tsallakar da yara idan an tashi daga Islamiyya. Wannan ba ya bukatar siminti ko izinin kowa, gobe ma ana iya farawa.

Allah Ya tsare mana yaranmu.